YAUSHE SALLAMAR MA'AIKACI TAKE TABBATA?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya sanya sashensu yana bukatar sashe, mai dukiya yana neman mai ƙarfi, mai ƙarfi kuma yana neman mai dukiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwon tumaki bisa lada, ya yi fatauci da dukiyar Nana Hadiza bisa amana, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda take yawan kai mutane gaban alƙali, ko gaban sarkin kasuwa, ko zauren malamin unguwa, alhali kuwa da an kula da ita tun farko da ba ta kai ko'ina ba. Ita ce mas'alar ranar da sallamar ma'aikaci take tabbata. Attajiri ya ɗauki yaron kanti, ko direba, ko akawu, ko mai gadi, ko kuwa mai makaranta ya ɗauki malami bisa albashin wata. Ana nan ana nan, zama ya ƙi daɗi, ubangida ya yi nufin rabuwa da shi. To, a nan akwai ranaku huɗu: ranar da ya ƙulla abin a zuciyarsa, da ranar da ya rubuta takarda ko ya aika da saƙo, da ranar da labari ya isa ga ma'aikacin, da ranar da wa'adin da aka yi sharaɗi ya cika. Wace ce daga cikinsu take yanke igiyar aiki, har albashi ya daina hawa kan ubangida?

Amsar da hujja ta fi ƙarfafawa ita ce wannan. Sallama ba ta fara ƙirguwa sai ran da labarinta ya isa ga ma'aikaci a sarari, ta hanyar da sharaɗinsu ya ambata, kuma ba ta cika sai wa'adi ya ƙare ko an biya kuɗin wa'adin hannu da hannu. Abin da yake cikin zuciyar ubangida, da takardar da take kwance cikin akwatinsa, duk ba su hana albashi gudana. Littattafan fiƙihu sun nuna haka, dokar ƙasa ta nuna haka, kuma manyan kotuna na gida da na waje sun yanke hukunci a kan haka.

FASALI NA FARKO: ABIN DA YAKE AUKUWA A KASUWA

Duk wanda ya san zaman Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, ko wata babbar kasuwa irinsu, ya san hanyoyi uku da ake bi a rabu da yaro ba tare da an fito fili ba.

Ta farko ita ce a ce masa, "Je ka gida ka huta, sai na neme ka." Yaro ya koma gida yana jiran aike. Ba shi da ikon kama aikin wani, domin yana ganin har yanzu yana da ubangida, kuma kunya ba ta barinsa ya je ya tambaya. Bayan mako shida ya gaji da zama, ya tafi neman albashinsa, sai a ce masa ai tun ran nan aka sallame shi. A ƙaddara albashinsa naira 90,000 ne a wata, watau naira 3,000 kowace rana. Kwana 42 da ya yi yana jira sun kama naira 126,000. Wannan kuɗi ga attajiri ba su kai ribar yini guda ba, amma ga magidanci mai mata da 'ya'ya su ne hatsin gidansa da kuɗin hayarsa.

Ta biyu ita ce mayar da kwanan wata baya. A miƙa wa akawu takarda ran 25 ga wata, ya buɗe ya ga an rubuta cewa aikinsa ya ƙare tun ran 1 ga wata, alhali a cikin waɗannan kwanaki yana zuwa yana buɗe kanti yana rufewa.

Ta uku ta zamani ce. A aika da ɗan gajeren saƙo ta waya da tsakar dare, ko a zuba wa mutum kuɗi a asusunsa na banki ba tare da an gaya masa na mene ne ba, daga baya a ce ai kuɗin sallama ne, ya kamata ya gane.

Mafi munin duka shi ne idan an yi wa yaro alkawarin jari bayan shekaru kaza, ya yi bauta har ajali ya matso, sa'an nan a nemi wata rana ta baya a liƙa masa, domin a ce bai cika shekarun ba. A irin wannan hali kwana ɗaya tak yana iya raba mutum da wahalar ƙuruciyarsa duka.

FASALI NA BIYU: ABIN DA FIƘIHU YA NUNA

Ɗaukar mutum aiki bisa lada shi ne abin da malamai suke kira ijara, kuma sun sanya ta cikin dangin ciniki, domin sayen amfanin mutum ne zuwa wani lokaci. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi ya karanta, ta sharɗanta abu biyu ga ingancinta: a ambaci lada, a kuma yanka ajali. Dalilin wannan shi ne gudun jahilci da garari. Mutum ya san abin da zai karɓa, ya kuma san ranar da zai zama mai ikon kansa. Asalin haka yana cikin Suratul Ƙasasi, inda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa aiki shekara takwas, cikon goma kuwa aka bar shi ga zaɓin Annabi Musa. Tun ranar da aka ƙulla magana kowannensu ya san ranar ƙarewarta.

Ijarar da aka yanka wa ajali lazima ce a mazhabar Imamu Malik. Ba ɗayansu da yake da ikon warware ta shi kaɗai kafin ajali, sai da wani uzuri da shari'a ta yarda da shi. Malamai sun kuma bayyana cewa wanda aka ɗauka aikin mutum ɗaya na wani lokaci yana cancantar ladansa da zarar ya miƙa kansa, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba, domin lokacinsa aka saya. Bisa wannan, yaron da aka ce ya je gida ya jira yana cikin aiki, tun da an tsare shi daga neman wani abinci.

Wani zai ce ai yawancin yaran kasuwa ba a yanka musu ajali, wata-wata ake biyansu. Gaskiya ne, kuma Muhtasar na Shaihu Halil ya kawo bambancin a babin haya: akwai hayar da aka ƙayyade wa lokaci, wadda take lazimtar kowa, akwai kuma ta wata-wata, wadda kowane ɗaya yake iya fita daga cikinta, sai fa gwargwadon abin da aka riga aka biya. Amma ikon fita daban, yadda ake fita daban. Mai gidan haya yana da ikon karɓar gidansa, duk da haka ba ya cewa ɗan haya ya zama mai ƙwace tun watan jiya saboda wata niyya da ya ɓoye a ransa. Sai ya faɗa, ɗan haya ya ji.

Babbar hujja a kan cewa hukunci ba ya hawa kan mutum sai ya isa gare shi ita ce labarin mutanen Ƙuba. Bayan hijira da wata 16 ko 17 aka juya alƙibla daga Baitul Muƙaddasi zuwa Ka'aba. Mutanen Ƙuba ba su ji ba sai suna cikin sallar asuba, wani ya zo ya sanar da su, suka juya a cikin sallarsu suka ƙarasa. Sallolin da suka yi tsakanin saukar hukunci da isowar labari ba a umarce su da ramawa ba. Malaman usulu sun fitar daga nan cewa shafe hukunci ba ya lazimtar bawa kafin ya sani, kuma malaman fiƙihu suka kafa hujja da shi a mas'alar tuɓe wakili. Imamu Abu Hanifa yana ganin wakili ba ya tuɓuwa sai labari ya je masa. A mazhabar Malik akwai saɓani, Muhtasar ya ambace shi. To, idan har an sami manyan malamai da suka tsare haƙƙin wakili, wanda ake iya tuɓewa kowane lokaci, ina ga ɗan ƙodago wanda abincin iyalinsa yake rataye da ladan?

Akwai kuma wasu mas'aloli biyu a babin idda waɗanda suka yi kama da wannan ƙwarai. Idan mutum ya zo ya ce ya saki matarsa tun watanni da suka wuce, kuma ba shi da shaidu, ba a karɓar kwanan watansa. Matar tana fara idda daga ranar da ya yi iƙirari, domin ana tuhumarsa da son zubar da haƙƙi. Haka kuma idan ya sake ta yana can wani gari bai sanar da ita ba, abin da ta ci daga dukiyarsa kafin labari ya zo mata ba ya komawa ya karɓa, domin shi ne ya yi sakaci. Aure da ijara ba ɗaya ba ne, amma hikimar ɗaya ce: wanda yanke igiya yake hannunsa, nauyin sanarwa yana wuyansa, kuma ba a barinsa ya ci ribar shirunsa.

FASALI NA UKU: ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Dokar Ƙodago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta yi magana a kan wannan a sashe na 11. Ta yanka mafi ƙarancin wa'adin da ɗaya zai ba ɗaya kafin rabuwa, gwargwadon daɗewar aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Wa'adin da ya kai mako ɗaya lalle ne a ba da shi a rubuce, kuma ranar da aka ba da sanarwar ba ta shiga lissafi, daga washegari ake fara ƙirga. Dokar ta yarda a biya kuɗi a madadin wa'adi, ta kuma wajabta a biya dukan albashin da ake bi kafin wa'adi ya ƙare ko a ranar ƙarewarsa. Sashe na 7 kuwa ya wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce daga fara aiki, har da tsawon wa'adin rabuwa.

Wannan doka ta shafi masu aikin ƙarfi da akawuna. Manyan ma'aikata masu riƙe da ragamar ofis da masu sana'ar ilmi, da iyalin ubangida, ba su shiga ƙarƙashinta, su sharaɗin takardarsu ne yake hukunci. Idan kuma takardar aiki ta ba da wa'adin da ya fi na doka tsawo, na takarda ake bi.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta ƙara wa wannan haske da hukunci biyu. A 1993, cikin shari'ar wani ma'aikaci da kamfanin Shell, ta yanke cewa wanda ya zaɓi biyan kuɗi a madadin wa'adi lalle ne ya biya su a lokacin sallamar. Rubuta alkawarin biya cikin takarda bai isa ba. A 1995 kuma, cikin shari'ar wani ma'aikaci da aka tuhuma da sata, kotu ta wanke shi, ya komo wurin aiki aka ce sallamarsa ta fara tun watannin baya, Kotun Ƙoli ta ƙi yarda, ta ce aiki yana nan har ranar da aka gaya masa, kuma albashin tsakani nasa ne. Mai karatu zai ga yadda wannan ya yi daidai da mas'alar mai iƙirarin tsohon saki. Irin waɗannan ƙararraki a yau Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take sauraronsu.

FASALI NA HUƊU: SHARI'U BIYU DAGA INGILA

Dokar aiki ta Nijeriya daga ta Ingila ta samo tushe. Hukuncin kotunan can ba ya ɗaure alƙalan nan, amma lauyoyi suna kawo shi, alƙalai kuma suna dubawa. Akwai shari'u biyu da suka kai Kotun Ƙoli ta can waɗanda suka dace attajirai su sani.

Ta farko ta wata mata ce mai aiki a hukumar asibitoci a arewacin Ingila. Sharaɗin aikinta mako 12 ne na wa'adi. Za ta cika shekara 50 da haihuwa ran 20 ga Yuli 2011, kuma ƙa'idar fansho ita ce idan aikinta ya kai wannan rana za ta sami fansho ba ragi, idan ya ƙare kafin nan kuwa ta rasa wannan gata. Ta tafi hutu ƙasar Masar da sanin hukumar. Ran 20 ga Afrilu hukumar ta aika da wasiƙar sallama mai rajista ta gidan waya. Ba kowa a gida. Ran 26 ga wata surukinta ya karɓo wasiƙar ya ajiye mata, ita kuwa ta komo ran 27 ta karanta. Idan an ƙirga mako 12 daga ran 27 ga Afrilu sai su faɗa daidai ran 20 ga Yuli. Idan an ja baya ko da kwana ɗaya, fansho ya tafi. Hukumar ta ce a ƙirga daga ranar da wasiƙa ta isa gida. A 2018 alƙalai uku cikin biyar suka yanke cewa, idan takardar aiki ba ta faɗi wani abu dabam ba, wa'adi yana farawa ne ran da wasiƙa ta isa ga ma'aikaci ya karanta ta, ko ya sami damar karantawa bisa al'ada. Matar ta yi nasara.

Ta biyu ta wani babban ma'aikaci ce a bankin Société Générale reshen Landan. Ran 29 ga Nuwamba 2007 aka kira shi aka ce aikinsa ya ƙare nan take, aka raka shi ƙofa. Takardar aikinsa ta ba shi wa'adin wata uku, ta kuma ba bankin ikon yanke aiki nan da nan idan ya biya kuɗin wa'adi. Ran 18 ga Disamba bankin ya zuba kuɗi a asusunsa bai ce masa komi ba. Sai ran 4 ga Janairu 2008 aka rubuta masa cewa waɗannan kuɗi na wa'adi ne. Takardar aikin ta ce wasiƙa ana ɗaukarta ta isa a rana ta biyu bayan aikawa, watau ran 6 ga Janairu. Abin da ya sa aka yi ta ja shi ne, idan aikinsa ya tsallaka zuwa sabuwar shekara kuɗin sallamarsa suna ƙaruwa da miliyoyi. A 2012 alƙalai huɗu cikin biyar suka yanke cewa aikin bai ƙare ba sai ran 6 ga Janairu 2008. Suka ce korar da ta saɓa wa sharaɗi ba ta warware alkawari da kanta sai wanda aka zalunta ya karɓa, kuma zuba kuɗi shiru ba sanarwa ba ce, domin ba a barin ma'aikaci yana leƙen asusunsa yana kintace ko yana da aiki ko ba shi da shi.

Wannan mutum miliyoyi yake nema, yaron kanti kuwa albashin mako shida. Ƙa'idar da ta tsare wancan ita ce ta tsare wannan, sai dai wancan yana da lauyoyi, wannan kuwa ba shi da kowa sai tsoron Allah da yake zuciyar ubangidansa.

FASALI NA BIYAR: AMSA GA MASU JAYAYYA

Attajiri yana iya cewa: dukiyata ce, kantina ne, yaya za a tilasta mini ciyar da wanda ba na so? Amsa ita ce ba mai hana shi rabuwa da wanda ba ya so. Abin da ake nema gare shi kalma ɗaya ce bayyananna, da cika wa'adin da ya ɗauka da bakinsa ko doka ta ɗora masa. Alkawari kaya ne. Idan ba ya son ganin yaron ko kwana ɗaya, ga ƙofa a buɗe: ya ƙirga kuɗin wa'adi ya miƙa masa, ya gaya masa na mene ne, su rabu a ranar.

Yana iya cewa kuma: to, idan yaro ya ji ƙishin-ƙishin ya ɓuya, ya kashe wayarsa, ya ƙi karɓar takarda, sai albashi ya yi ta hawa har abada? A'a. Ma'aunin da aka kafa shi ne samun damar sani bisa al'ada. Wanda aka kai wa takarda har hannunsa ya ƙi buɗewa, ko ya gudu da gangan don kada a same shi, ya sami dama ya yar, kuma hujja ta tsaya a kansa. Wanda aka tsare wa haƙƙi shi ne mai uzuri na gaskiya, kamar wanda yake kwance a asibiti, ko direban da yake kan hanyar Agadas da kayan ubangidansa, ko wanda ya tafi aikin Hajji da izini. Bayan wannan, maganin abin yana hannun attajiri tun farko. Yana iya sanya sharaɗi a takarda cewa saƙon da aka kai gida kaza, ko aka miƙa ga wane, ana ɗaukarsa ya isa bayan kwana kaza. Idan yaro ya yarda da haka tun ranar ɗauka, ya lazimce shi.

Mafi ƙarfin jayayya ita ce ta ha'inci. Idan an kama yaro da hannu cikin aljihun kanti fa? A nan fiƙihu ya ba mai ɗaukar aiki zaɓin warware ijara idan ta bayyana wanda ya ɗauka ɓarawo ne, dokar ƙasa ma ta bar masa ikon kora ba wa'adi saboda babban laifi. Wa'adi ya faɗi, amma sanarwa ba ta faɗi ba. Sallamar tana tabbata ran da aka gaya masa, ba ran da ya yi satar ba, kuma ladan kwanakin da ya riga ya yi aiki nasa ne. Abin da ya ɗauka bashi ne a kansa, a tabbatar da shi da shaidu ko iƙirari, a bi shi ta hanyarsa. Zato kuwa ba ya zama hujja. Mutane da yawa an kore su bisa zargi, daga baya kaya suka fito a wani lungun sito.

Ma'aikaci shi ma wannan hukunci yana kansa. Direban da ya ajiye makulli da dare ya kama aikin wani da safe, ko malamin makaranta da ya watsar da yara tsakiyar zango ba sallama, ya ci amana kamar yadda ubangida mai ɓoye sallama ya ci. Wa'adin da sashe na 11 ya yanka na ɓangare biyu ne. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA YA KAMATA A RUBUTA

Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali ta sauka. Albashi kuwa bashi ne da yake hawa kan ubangida kowace safiya. Mutane suna ƙin rubutu saboda kunya, suna cewa ai ɗan gida ne, ai ɗan aminina ne, alhali shari'ar 'yan gida ta fi kowace ɗaci. Tun ran gini ran zane. Takarda ɗaya ta isa, da ajami ko da boko, kowa ya riƙe kwafinsa, shaidu biyu su sa hannu. A ambaci abu shida a cikinta.

Na ɗaya, ranar fara aiki. Na biyu, yawan lada da ranar biyansa. Na uku, wane wata ake ƙirgawa da shi, na Musulunci ko na Turawa, domin shekarar farko kwana 354 ce, ta biyu 365, kuma bambancin kwana 11 a shekara yana zama wata uku da ɗoriya a cikin shekara goma ga wanda aka yi wa alkawarin jari. Na huɗu, tsawon wa'adin rabuwa ga kowane ɓangare. Na biyar, hanyar sanarwa: takarda hannu da hannu, ko saƙon waya zuwa lamba kaza, da ranar da za a ɗauka ya isa. Na shida, idan akwai alkawarin jari ko wata kyauta ta ƙarshen aiki, a faɗi ranar cikarsa, a kuma faɗi rabon da yaro zai samu idan an rabu kafin ranar ba da laifinsa ba.

Idan ranar rabuwa ta zo, ubangida ya kira yaro gaban mutum biyu, ya gaya masa da baki, ya miƙa masa takarda mai kwanan watan wannan rana, ya faɗi ranar ƙarshe ta aiki, ya ƙirga masa haƙƙinsa. Idan dakatarwa yake nufi don bincike, ya ce dakatarwa ce, ya faɗi kwanakinta da matsayin albashi a cikinsu. Wannan duka ba ya cin rabin sa'a.

Malamai kuma suna da nasu rabo. Su ne ake kawo wa ƙara a zaure kafin a je kotu, kuma sau da yawa attajirin shi ne mai hidimar makaranta, yaron kuwa ba a san ubansa ba a garin. Tambayar farko da ta kamata mai sulhu ya yi ita ce: wace rana aka gaya masa, wa ya ji? Idan ubangida ya kasa kawo rana da shaida, to, aiki yana nan har ranar da magana ta fito fili, kuma a yi lissafi a kan haka. Sulhun da za a ce wa mai rauni ya yi haƙuri ya bar rabin haƙƙinsa don kada ran mai ƙarfi ya ɓaci, zalunci ne aka sa wa rawani. Malamai masu makarantu su fara da kansu, domin su ma suna ɗaukar malamai bisa albashi, kuma sallamar da ake yi lokacin hutu, ba a faɗa sai an komo, tana cikin abin da ake magana a kai.

RUFEWA

Imamul Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi wanda a cikinsa aka ambaci mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Kwanakin da mutum ya yi yana jiran aiken ubangida, da kwanakin da aka share da alƙalami ta hanyar mayar da kwanan wata baya, suna cikin wannan lada. Attajirin da yake fitar da zakka da kaffa-kaffa, yana ƙirga kowace naira don kada ta rage, ya kamata ya ƙirga kwanakin yaronsa da irin wannan kulawa, domin haƙƙin Allah ana fatan gafararsa da tuba, haƙƙin bawa kuwa sai an biya ko mai shi ya yafe.

Allah ya sa albarka a kasuwannin Musulmi, ya ba masu dukiya adalci, ya ba ma'aikata riƙon amana, ya sa kowa ya rabu da abokin zamansa ba nauyin kowa a wuyansa. Allah ne mafi sani. Wassalamu.